Awa Ukun Cavaliere Tosatti

Garin Marina di Valcora Allah Ya yi masa baiwa iri-iri. Tekunsa mai ladabi ne, ba ya ɗaga murya. Yashin bakinsa kullum da sassafe ake taje shi kamar suma. Attajiran da ke zuwa hutu a kan tsofaffin kekuna suke yawo don kada a ce suna nuna arziki, kuma kowa ya san attajirin da ke kan kowane keke. Amma duk wanda ya taɓa yin watan Agusta a garin zai shaida cewa babbar baiwarsa ita ce Cavaliere Amilcare Tosatti.

Shekara talatin da uku ke nan yana zuwa. Ran ɗaya ga wata motarsa ke shigowa, ran talatin da ɗaya ta fita, kuma a tsakanin nan teku ba ya rasa mai kula da shi. A filin wankan gidan Lenzoni, inda laimomi ke jere layi goma sha biyu, tasa ce ta farko a layin farko. Daga nan yake duban ruwa kamar manomin da ya zo ganin yabanya.

Da ƙera kan famfo ya yi arziki, a wani gari can cikin ƙasa inda ruwa mafi faɗi shi ne wanda ke kwanciya a gaban tashar jirgi in an yi ruwan sama. Saboda famfon aka ba shi lambar girma ta Cavaliere. Shi kuwa ya fahimci cewa ruwan ƙasar baki ɗaya aka damƙa masa amana.

"Ni da ruwa mun san juna," yakan ce, "tun kafin a haifi yawancinku."

Shigarsa ma ta isa shaida. Farar rigar tawul, hular matuƙan jirgi, usur na azurfa a wuya, da agogon da aka ce yana aiki har mita ɗari biyu a ƙarƙashin teku. Wandon wankansa shuɗi ne, kullum da karin guga. Shi ne shugaban Ƙungiyar Aminan Teku, wadda shi ya kafa, shi ya rubuta mata dokoki, kuma duk shekara take zaɓensa ba hamayya. Manya na kiransa Sarkin Ruwa. Yara na kiransa Awa Uku, amma ba a gabansa ba, don yaran Valcora masu tarbiyya ne.

Babu wanda bai ji labarin iyon da ya yi yana saurayi ba, daga gadar da ta miƙe cikin teku har tsibirin da ba a hangowa sai ranar da gari ya washe. Da farko awa huɗu ya yi, wani abokinsa na biye da shi a kwalekwale. Da shekaru suka ja sai kwalekwalen ya ɓace daga labarin, hadari ya shigo. A 'yan shekarun nan har wani ƙaton kifi ya fara yi masa rakiya.

Sai dai babban aikin da ya yi wa al'umma shi ne dokar cin abinci. Kowace kaka a ƙasar ta san cewa wanda ya ci ya faɗa ruwa, cikinsa zai ɗaure ya nutse. Ba Cavaliere ya ƙirƙiro wannan ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki tsoron kakanni ya mayar da shi ilimi. Ya sa aka buga allo, aka rataye a rumfar Fosca mai sayar da kofi da kayan sanyi. Taliya da nama ko kifi, awa uku. Burodin mai da gishiri, awa biyu. Askirim, awa ɗaya. 'Ya'yan itace, minti arba'in da biyar. Biskit guda, minti goma sha biyar, in kuma da madara a cikinsa, ashirin. A ƙasa ga sa hannunsa, mai dogon jela.

Bai bar allon ya yi aikin shi kaɗai ba. Yakan bi bakin ruwa hannu a baya, yana duba haɓar yara ko da ɓurɓushi. In ya gani sai ya busa usur, ya nuna agogo, yaro ya koma ƙarƙashin laima ya zauna yana kallon teku kamar wanda aka yi wa rasuwa. Iyaye mata suna gode masa. Yara da yawa sun girma a wannan filin, sun yi aure, sun haihu, ba su manta da shi ba.

Cikinsu akwai Ornella, 'yar mai filin. Tana shekara goma sha ɗaya ta kai zagayen ƙarshe na gasar iyon yara, bayan ta yi wata biyu tana atisaye. An jera su a bakin ruwa ke nan sai Cavaliere ya hango ƙwayar ɓaure a leɓenta. Ya tambaye ta, ta ce guda ɗaya ta ci. Ya riƙe hannunta cikin tausasawa ya fitar da ita daga layi, ya gaya wa jama'a cewa yau ya ceci rai. Ornella ba ta yi kuka ba. Ta zauna minti arba'in da biyar cif, gasar kuwa minti shida ce. Yanzu shekarunta arba'in da ɗaya, ita ke riƙe da filin tun rasuwar mahaifinta, kuma kullum ita ke fara gaishe shi da safe.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu guda, wanda bai kai a ɓata wa babban mutum suna a kansa ba. Cavaliere bai iya iyo ba.

Yana ɗan shekara bakwai ya faɗa magudanar ruwan gona, wani manomi ya ciro shi ta wuyan riga. Tun daga ranar ruwan da ya wuce idon sawu bai ƙara taɓa shi ba sai a baho, inda akwai famfo ƙirar kamfaninsa da zai iya rufewa.

Shi ya sa yake tafiyar da ranarsa da tsari irin na jirgin ƙasa. Ƙarfe takwas karin kumallo. Goma saura minti goma, burodin mai da gishiri. Sha biyu saura kwata, yankan kankana, wanda ke kai shi lafiya har abincin rana. Abincin rana ya riƙe shi zuwa biyar. Biyar saura minti biyar, askirim. Shida saura minti goma, zaitun da soyayyen dankali a rumfar Fosca, daga nan kuma ana naɗe laimomi. A shekara talatin da uku ba a taɓa samun minti ɗaya da doka ta halatta masa shiga ruwa ba. Yakan tsaya a inda kumfa ke lasar yashi, ya dubi teku, ya dubi agogo, ya yi ajiyar zuciya.

"Yau kam da na je na dawo," yakan ce. "Amma wanda ya kafa doka ba shi zai fara karya ta ba."

Wannan sadaukarwa ta ƙara masa kilo talatin.

A saninsa, mutum ɗaya ne ya san sirrin, matarsa Signora Nives. A bakin tafki aka haife ta, ta iya iyo kafin ta iya karatu. Amma babban mutum ba ya cin abinci shi kaɗai a bainar jama'a, saboda haka duk abin da ya saya rabi nata ne. Shekara talatin da uku tana riƙe da rabin burodi tana kallon ruwa.

Ran goma ga Agusta Ornella ta zo laimarsa, Duilio na biye da ita. Duilio shi ne mai ceto na filin, tsoho ne baƙi wuluk don rana, wanda ba ya yin magana sai ya ga babu makawa.

"Cavaliere," in ji Ornella, "bana filin nan ke cika shekara sittin. Ran sha biyar, in za a yi iyon jar ganga, kai muke so ka ja gaba. An riga an ba da aikin allon tagulla da sunanka, za a kafa a kan gada."

Iyon jar ganga tsohuwar al'ada ce ta ranar babban bikin tsakiyar Agusta. Ƙarfe sha ɗaya iyalai ke shiga ruwa tare, su je ga wata jar ganga da ke ɗaure can gaban ƙarshen gada, inda ruwa ke yin duhu, su taɓa ta su dawo su ci abincin biki. Duk shekara Cavaliere ke busa musu usur daga tudu, da burodi a ɗaya hannun.

Ya miƙe tsaye, ya gyara hula.

"Signora Ornella, na daɗe ina guje wa irin wannan, don kada samari su karaya. Amma in gari ya kira ɗansa, ɗan ba ya duba shekarunsa. Ku shaida wa teku ina nan tafe."

Ya faɗi haka da kwanciyar hankali, don ya san ranar ma akwai burodi a duniya. Mutum zai iya mantuwa ya kai loma baki da ƙarfe goma da rabi. Za a yi jimami, a kafa allo, a ce sai baɗi.

"Kada ka damu da komai," in ji Ornella. "Na riga na gaya wa kowa."

Bai tambaye ta me ta gaya musu ba.

Ran sha biyar, ƙarfe takwas saura minti biyar, Nives ta ɗauke farantin gabansa da sauran rabin waina a kai. Ya jira ta shiga ɗaki, ya buɗe firij. Ruwa ne da lemun tsami guda. Ya buɗe kabad, gishiri ne da ashana.

"Nives, ina abincin gidan nan?"

"Yana gidan maƙwabta. Ornella ta roƙe ni."

"Har da ke?"

"Dokarka ce, Amilcare. Ni wace ce?"

Ya hau tsohon kekensa ya nufi gidan burodi. Layi har waje, amma da aka gan shi aka dare. Mai burodi ya goge hannu ya fito da kansa.

"Yau kowa zan sayar wa ban da kai, Cavaliere. In wani abu ya same ka a ruwa, da wane ido zan dubi garin nan?"

"Na Signora ne."

"Signora ta biyo jiya. Ta ce in ka ce nata ne, ba ta so."

A rumfar Fosca ya nemi kofi kawai, ɗan ƙarami, ba sukari.

"Ko ruwan sanyi ba zan ba ka ba," in ji Fosca. Ta nuna allo da haɓa. "Layi na bakwai, abin sha. Da hannunka."

Mai tallar kwakwa, wanda shekara da shekaru ke tsayawa a laima ta farko ba tare da an kira shi ba, ya hango farar rigar tawul ya juya ya nufi ɗaya ƙarshen filin, yana kiran kwakwarsa ƙasa-ƙasa. Cavaliere ya bi tsakanin layuka yana gaisawa da mutane. Duk inda ya doso sai iyaye mata su ja tawul su rufe kwandunan abinci, kamar kaji sun ga shaho. Wani tsohon alƙali da suke karta tare ya tura sauran burodinsa baki gaba ɗaya, ya gaishe shi da kai. Ba a taɓa ganin gari ya ƙaunaci mutum haka ba. Shekara talatin da uku ya yi yana koya musu, kuma babu wanda ya yi fashin darasi.

Sha ɗaya saura kwata gada ta cika maƙil. 'Yan badujala sun zauna a ƙarshenta. Allon tagulla na lulluɓe da tuta. Masu iyo kusan sittin sun jeru a bakin ruwa. Cavaliere ya ɗaga kai ya dubi jar ganga. Ya ga kamar yau ta ɗan matso, ya ɗauka yunwa ce ke wasa da idonsa.

A layi na huɗu ya ga ceto. Wata jaririya ce a kekenta, riƙe da biskit da ta tsotse rabi, kakarta Signora Delfina na gefe tana fifita. Cavaliere ya sunkuya.

"Wace ce wannan kyakkyawa? 'Yar gidan wa?"

Jaririyar ta miƙo masa hannu. Ya karɓa ya haɗiye. Ya miƙe, ya dafe goshi, ya ɗaga murya yadda layi shida za su ji.

"Kash. Na yi mantuwa. Jama'a, na ci abinci."

Jaririyar ta fashe da kuka.

"Biskit ɗin jikata ne," in ji Signora Delfina. "Rabi ma. Sauran yana rigarta."

Ornella ta iso ba gaggawa. Ta ce a je a duba allo. Aka ɗunguma zuwa rumfar Fosca, Cavaliere a gaba, kamar ana raka shi kotu. Ornella ta sa yatsa ta bi layuka.

"Biskit guda, minti goma sha biyar."

"Da madara a ciki," in ji Cavaliere. "Na ji ta."

"To, ashirin."

"Rabi ya ci," in ji Duilio. "Goma ke nan."

"A ba shi ashirin ɗinsa," in ji Ornella. "Da lafiya ba a wasa. Shi ya koya mini."

Aka zauna. 'Yan badujala suka ajiye ƙahoni. Masu iyo suka tsuguna a yashi. Mutum ɗari huɗu suka zuba wa agogo ido, cikin natsuwar mutanen da aka horar da jira tun suna yara.

Cavaliere ya zauna a ƙarƙashin laimarsa. Zai iya miƙewa ya ce ban iya ba. Kalma uku ce. Ya auna ta da hular, da usur, da tsibirin, da ƙaton kifin, da yaran da ya zaunar. Ya ga nutsewa ta fi sauƙi. Wanda ya nutse ba a cire allonsa, furanni ma ake ƙara masa. Ya dubi Nives. Tana saka wata farar hular wanka ta roba wadda bai taɓa gani ba.

"Ina za ki?"

"Ban ci komai ba tun bakwai," ta ce.

Sha ɗaya da minti goma Duilio ya karɓi usur daga wuyan Cavaliere ya busa.

Cavaliere ya tuɓe rigar tawul. Jama'a suka ga wani farin jiki da ba su taɓa gani ba. Ya taka cikin ruwa da takalmansa na roba. Idon sawu. Ƙwauri. Gwiwa. Tekun Valcora, kamar yadda aka sani, ba ya gaggawar zurfi, shi ya sa ake kawo yara. Da ruwa ya kai masa ƙugu sai wata dabara ta zo masa, irin wadda ke zuwa wa manyan mutane kaɗai. Ya durƙusa har ruwa ya taɓa haɓarsa, ya miƙa hannu gaba, ya buɗe, ya sake miƙawa, kamar yadda ya ga ana yi shekara talatin da uku. A ƙasa kuwa ƙafafunsa na tafiya, ɗaya bayan ɗaya.

Abin ya yi kyau ƙwarai. Daga tudu babu mai iya bambancewa. Masu iyo sittin suka biyo shi a hankali, babu wanda ya wuce shi, wasu har suna juyawa rigingine don su rage sauri.

A tsakiyar hanya ƙasa ta gangara. Ya miƙe tsaye, ruwa na ƙirji. Ya ƙara taku, ruwa na wuya. Ya yi ɗage a kan yatsu, takalmin hagu ya suɓuce ya tafi. Gishiri ya shiga bakinsa. A nan babu Cavaliere, babu shugaba. Yaron nan ne ɗan shekara bakwai, yana jiran hannun manomi. Ya rufe ido ya jefa ƙafa gaba, don baya akwai mutum ɗari huɗu.

Ƙafar ta sami yashi, kuma yashin hawa yake. Wuya, ƙirji, ƙugu. Ya sake durƙusawa da sauri, ya ci gaba da buɗe hannu. Bai ankara ba goshinsa ya bugi ƙarfe. Jar ganga ce.

Ya rungume ta. Badujala ta tashi. A kan gada, wadda ke sama da kansa daidai, jama'a suka yi tafi irin na Valcora, mai tsafta, ba hayaniya. Ya ɗaga musu hannu. A ransa ya yi mamakin yadda ake zuzuta wannan ganga, alhali ruwan wurin bai wuce cibiya ba. Ya fara zargin cewa duk masu iyon duniya haka suke yi, ba su dai faɗa.

Ya dawo ta hanyar da ya je. Aka yafa masa riga, aka yaye tuta, ya yi jawabi.

"Yau teku ya gwada ni. Akwai igiyar ƙasa mai ƙarfi a tsakiyar hanya, ta ƙwace mini takalmi. Wanda bai ƙware ba, ban ba shi shawara ba. Amma ku dubi wannan ruwa. Na yi iyo a wurare da yawa, ban ga mai tsabtarsa ba. Garau, kamar gilashi. Ku riƙe shi amana bayan ba mu."

Aka sake tafi. Ornella ta matso da wani abu a tafin hannu.

"Ga ɓaure, Cavaliere. Yanzu ka fito, kana iya ci."

Ya karɓa ya ci. Ya ga hankalin yarinyar, ya ƙudura zai ambace ta a taron ƙungiya.

Wajen ƙarfe biyar, da zafi ya sauka, ya hau gada shi kaɗai don ya karanta allonsa a tsanake. Ya karanta sau uku. Sannan ya jingina da ƙarfen gada ya leƙa ƙasa, abin da bai taɓa yi ba, don ba ya son ganin ruwa a ƙarƙashinsa.

Gaskiya ya faɗa a jawabinsa. Ruwan garau yake. Ya ga layin yashi ɗaya-ɗaya. Ya ga wata ƙaramar ƙaguwa tana tafiyarta a karkace. Ya ga takalminsa na hagu a kwance, har lambar da ke ƙasansa tana karantuwa. Can gefe yara bakwai ko takwas sun jeru, sun durƙusa ruwa na haɓa, suna buɗe hannu da girma, ƙafafunsu na tafiya a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kowane yatsa ana ganinsa.

Ya daɗe yana kallo.

Ƙarar filafili ta sa ya juya. Duilio ne a kwalekwalen ceto, yana jan jar ganga da igiya zuwa cikin teku.

"Duilio, ina za ka kai ta?"

"Wurinta, Cavaliere."

"Ba nan ne wurinta ba?"

"Nan tudun yashin yara ne. Jiya da yamma na matso da ita. Signora Ornella ta ce a girmama ka, ba ta ce a binne ka ba."

Cavaliere ya gyara hula. Ya yi gyaran murya.

"Da safe ma haka ruwan yake?"

"Ya fi haka. Da safe babu iska."

"Tun yaushe ka..."

Duilio ya ɗaga filafili, ya yi tunani, don ba ya son ya yi wa babban mutum ƙarya ko da ta shekara ɗaya ce.

"Shekarar farko. Wandon da ke shiga gishiri yana koɗewa. Naka har yau kamar jiya aka sayo."

"Su wa suka sani?"

"Baƙin da suka zo makon nan ba su sani ba," in ji Duilio. "Kafin safiyar yau."

Ya ci gaba da tuƙi. Can nesa, inda ruwa ya yi duhu, wata farar hular roba na tafiya a hankali, tana nitsewa tana ɓullowa. Ko waiwaye ba ta yi.

Cavaliere ya sauko daga gada. Duk wanda ya gamu da shi ya gaishe shi kamar kullum. Tsohon alƙali ya ɗaga masa hula. Signora Delfina ta yi masa murmushi, ta ɗan janye keken jikarta. Babu wanda ya ce komai, kuma ya gane babu wanda zai taɓa cewa komai, yadda ba su ce ba shekara talatin da uku. Valcora gari ne mai ladabi.

Nives ta fito tana ɗigar da ruwa, fuskarta kamar an rage mata shekara ashirin. Ya miƙa mata tawul.

"Gobe ma zan iya komawa," ya ce. "Jiki ya tuna."

"Kana iya," ta ce. "Gangar dai ta koma wurinta."

Ya dubi teku. Ya dubi agogon nan mai aiki har mita ɗari biyu a ƙarƙashin ruwa. Ya juya, hannu a baya, ya taka da ƙasaita zuwa rumfar Fosca, ƙafa ɗaya da takalmi. Allonsa na nan rataye inda yake. Ya tsaya yana duban burodi da askirim da zaitun, ya ji ba ya jin yunwa ko kaɗan.

Fosca ta goge teburi, ta ɗauko faranti.

"Barka da fitowa, Cavaliere," ta ce. "Na awa nawa za a zubo maka?"